Tabon fetur a jikin robar mota: mu wanke shi, mu kuma daina zubar da man



Duk wanda ya zagaya wuraren wankin mota da ke gefen titin Abuja zuwa Kaduna zai ga abu ɗaya a jikin motoci, Keke Napep da babura. Baƙar robar da ke kusa da bakin tanki ta koɗe, ta yi fari-fari. Mafi yawanci fetur ne ya zuba a wurin aka bar shi ya bushe. Fetur yana narkar da maiƙon da ke saman robar, rana kuma ta ƙarasa aikin. Dizal shi kuma yana barin danƙo mai kama ƙura.

A ganinmu wannan tabo ba na kwalliya kaɗai ba ne. Shaida ce ta man da muka saya da kuɗinmu ya tafi a banza. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san abin da lita ɗaya take ci a aljihu. Amma har yanzu muna cewa mai zuba mai ya ƙara bayan famfo ya tsaya da kansa, muna jijjiga mota don tanki ya cika har baki, muna juye jarkar 'yan bumburutu ba tare da mazurari ba.

In man ya riga ya zuba, gyaran ba shi da tsada. A kashe inji, a matsa nesa da wuta da masu shan taba. A dangwale man da tsumma, kada a goga shi ya bazu. Sai a wanke wurin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a bi saƙo-saƙon robar da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye sosai, a bari ya bushe a inuwa. In farin bai tafi ba, a maimaita, sannan a shafa man gyaran roba da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Tsumman kuma a shanya shi a fili, kada a jefa shi cikin but ko kusa da murhu.

Muna roƙon yaranmu masu wankin mota da iyayen gidansu su bar wasu dabaru. Goge tabon fetur da wani fetur ɗin ko da tina ƙara ɓata robar yake yi. Man birki yana cin fenti. Baƙin mai yana sa sheƙi na kwana ɗaya, washegari ƙura ta manne. Mafi muni shi ne kara wa robar wuta don baƙinta ya dawo. A kusa da bakin tanki, tururin fetur kaɗai ya isa ya kama.

Mu da muke kwana muna tashi tsakanin tankokin mai da tireloli ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. A ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar mai ta kama da wuta a mahaɗar Dikko, nan kusa da mu, fiye da mutum 80 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Fetur ɗin da ya yi wannan ɓarna shi ne dai wanda muke bari yana tsiyaya a jikin abin hawanmu.

Don haka muna kira ga shugabannin direbobi, 'yan acaba da masu Keke su riƙa tunatar da mambobinsu a tasha: in famfo ya tsaya a tsaya, kowa ya ajiye mazurari da tsumma, in mai ya zuba a wanke nan take. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.