Malamai, mu riƙa hargitsa wa ɗalibai jerin ayyukan manhajarsu

Duk malamin lissafi ya san irin yaron nan: ka ce ya karanto jadawalin sau bakwai daga farko, sai ya zubo shi kamar ruwa. Ka tsinko masa bakwai sau takwas kai tsaye, sai ya tsaya yana kallon rufi. Jerin kawai ya haddace.

Manhajar kwamfuta ma tana da wannan ciwo. A salon rubutun da ake gina komai a kan "abu", irin na Java da Python, kowane abu yana da ayyukansa da ake kira metod. Sau da yawa aiki na biyu yana tafiya daidai ne don na farko ya share masa fage, mai rubutun kuwa bai sani ba.

An ga haka a fili. Da Java 7 ta fito a 2011, jerin da take lissafo ayyukan abu ya daina zuwa yadda aka saba, sai gwaje-gwaje da dama da aka rubuta da JUnit, manhajar gwajin Java, suka fara faɗuwa. Alhali Java ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin wani jeri ba. A 2019 JUnit ta ƙara zaɓin gudanar da gwaji a hargitse da gangan.

A ganina, ya kamata malaman kwamfuta su koyar da wannan tun da wuri. A Python abin bai wuce layi kaɗan ba: ɗalibi ya tara sunayen ayyukan, ya cakuɗa su da random.shuffle, ya kira kowanne da getattr. Wanda ya faɗi ya tona abin da ya jingina da shi.

Wani zai ce ai wasu ayyukan dole a bi su daki-daki, ba a cire kuɗi kafin a buɗe asusu. Gaskiya ne. Ayyukan da ɗalibi ya ce kowanne na tsaye da ƙafarsa, musamman gwaje-gwaje, su za a cakuɗa. Kuma a sa masa lamba da random.seed, ya rubuta ta, don in matsala ta fito a iya maimaita wannan jerin a gano ta.

Yaran nan gobe su za su rubuta manhajar tura kuɗi ta waya da ta haɗa makin jarrabawa. Gara kuskuren ya fito a aji, gaban malami, kafin ya taɓa kuɗin wani.