Fasaha Ba Ta Tsirowa a Bayan Katanga

A makon nan na sake jin wani babba a rediyo yana cewa maganin zaman banzan samarinmu shi ne a gina "birnin fasaha" can bayan gari. Raina ya ɓaci, domin an sha shafa mana wannan romon a baki. A watan Maris na 2013 Shugaba John Mahama da kansa ya ƙaddamar da Hope City, aikin kamfanin RLG na Roland Agambire. Aka ce dala biliyan 10, aka ce bene mafi tsawo a Afirka, aka ce aikin yi ga mutum 50,000. Daga Kasoa aka ce an mai da wurin ginin Prampram. Yau wa zai nuna mini hawa ɗaya na wannan bene?

Mai son ganin inda ake ƙirƙira a Akra, ya sauka daga trotro a Circle ya kutsa Tip Toe Lane. Zai tarar da yaro ɗan Nima ko Maamobi a kan benci, gabansa tebur da fitila da ƙarfen narka dalma. An kawo masa wayar da ta faɗa ruwa, mai ita har ta cire rai. Ya buɗe ta, ya bi layukan allon da ido, ya ɗaga wani guntu ƙanƙani kamar ƙwayar gero, ya dasa wani da ya ciro daga matacciyar waya. In ta gagare shi sai ya ɗaga murya: "Maigida, zo ka duba mini." Kafin la'asar rabin layin ya san dabarar. Kayan gyaran da ya rasa kuwa, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Tudu da Guangzhou zai kawo a tafiya ta gaba. Haka ilmi ke yawo: masu sana'a a cushe wuri guda, ga gasa, ga taimakon juna, ga mai kaya tsaye yana jira. Haka unguwar makanikai ta Suame Magazine a Kumasi ta zama abin da ta zama.

Ƙasashen da suka ci nasara sun raba aiki ne tsakanin hukuma da kasuwa. Taiwan ta kafa cibiyar bincike ta ITRI a 1973, ta buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu a 1980 kusa da jami'o'i biyu, sannan ta zuba jari a kamfanin ƙera guntayen lantarki na TSMC a 1987. Horar da mutane aka fara yi, gini ya biyo baya. Gwamnati ta ɗauki abin da ɗan kasuwa ba zai iya ɗauka ba, ta bar masa gwaji da neman riba.

Na san a Akra akwai makarantar fasaha ta MEST tun 2008, akwai Accra Digital Centre, Google ma ta buɗe cibiyar bincike a 2019. Madalla, amma yaran zango nawa ke ƙetare ƙofarsu?

Abin da muka gani da idonmu daban ne. A Yulin 2021 katafila ta share Agbogbloshie, inda dubban 'yan arewa ke kwance tsofaffin kwamfutoci suna tsamo masu amfani. Hayaƙin ƙona wayoyin lantarki guba ne, babu musu. Sai dai maimakon a gyara sana'ar, aka tarwatsa masu ita. Wannan zalunci ne, kuma asara ce ga ƙasa. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 kuwa, filin ƙwallo na ciyawar roba da ya gina yana da daɗi, amma ba ya koya wa yaro sana'a.

Buƙatarmu ba ta kai biliyan ba. Rumfuna masu rufi a cikin Nima da Maamobi, wutar da ba ta ɗaukewa, intanet mai araha, jari marar ruwa, da takardar shaida ga wanda ya ƙware a hannun maigidansa. A buɗe wa 'yan mata ƙofa. A ba masu gyaran nan kwangilar kula da kwamfutocin makarantun gwamnati.

Sarakunan zango, limamai, da 'yan majalisar Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, wannan magana taku ce. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a da hoton dogon bene, ku tambaye shi rumfa nawa zai sa wa wuta a Nima, kuma a wane wata.