Ra'ayinmu: Makiyayi Ba Ya Ƙin Abin Da Zai Amfane Shi

Sau da yawa mukan ji 'yan boko suna cewa wai makiyayan ƙasar Daura sun ƙi zamani, tun da ba su karɓi barbarar allura ba, wato zuba wa saniya irin zaɓaɓɓen bijimi da hannu. Mu dai ba mu yarda da wannan zargi ba.

Lalle gyara ya wajaba. Saniya wata 9 take ɗaukar ciki, amma a rugage da yawa sai ta shekara 2 tsakanin maraƙi da maraƙi, alhali kuwa in babu haihuwa babu nono. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana haɗa Bunaji da shanun Turai masu yawan madara. To, me ya hana ilmin ya isa Baure, da Zango, da Sandamu?

Na farko, yunwa. Ramammiyar saniya ba ta neman bijimi, balle ta riƙe ciki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A fara da harawa da dusa da ruwan rani.

Na biyu, nisa. Neman bijimi ba ya cika wuce yini guda, in an kuskure sai bayan kwana 21. Malamin dabbobin da ba shi da babur ba zai riski wannan lokaci ba.

Na uku, kasuwa. Ana kai sa kasuwar Mai'adua a karɓi kuɗi nan take, amma madara ba ta jiran gobe. Matan ruga su ke da nono, kuma ba safai akan shawarce su ba.

Na huɗu, amana. Wanda kakansa ya sha wuyar jangali ba ya saurin bari a ƙidaya masa garke.

Duk da haka, mu tuna da ciwon bushiya da ya yi ɓarna a 1983. Da makiyaya suka ga amfanin rigakafi, da kansu suka riƙa neman allura, har aka kawar da cutar daga duniya a 2011. Gani ya kori ji.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta ajiye garken gwaji da wurin sayen madara a kowace gunduma, da shawarar arɗo-arɗo. Ku kuma ɗalibai da ma'aikata, ku je ruga ku saurara kafin ku koyar. Allah Ya sa mu dace, amin.