Baki, ganga, radiyo da takarda: kowa da aikinshi



Ɗan Adam yana da hanyoyi da yawa na isar da saƙo. Ta farko ita ce baki. Da baki ake gaisuwa, da baki ake ciniki, da baki mai shela ke kewaya gari ya ce gobe akwai taro ƙofar maigari.

Ta biyu ita ce alama. In an kawo maka goro gida, ka san akwai suna ko ɗaurin aure. Shaidar da ke jikin raƙumi tana faɗin mai shi. Gambar da anka shuka tsakanin gona da gona tana cewa: iyaka ke nan. Kiɗi ma magana ne. Gangar noma daban, tambarin sarki daban, kuma kunne ba ya haɗa su.

Ta uku ita ce na'ura. An buɗe gidan radiyon Nijar a 1958, kuma a 1974 anka sa mishi suna Muryar Sahel. A 1962 anka kafa kulob-kulob na radiyo: mutanen gari su saurari shiri tare, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a kai Yamai. Yau ga salula. Manomi yana zaune gindin gawo, ya ji kuɗin tiyar wake a kasuwar Maraɗi.

Ta huɗu ita ce rubutu, boko ko ajami. A ganina ita ce munka fi yi wa sakaci, alhali akwai maganar da ita kaɗai ke iya riƙewa.

Ga misali. Shekarar yunwa, mutum ya jinginar da gonarshi kan buhu biyu na hatsi, gaban tsofaffi biyu. Shekara ashirin ta wuce. Tsofaffin sun rasu, shi ma ya rasu. Ɗiyanshi sun ce jingina ce, ɗiyan wancan sun ce saye ne. Wa za a tambaya? Radiyo bai ji ba. Salula ta lalace ko ta ɓace. Gamba kuwa, hauya ɗaya ta ishe ta. Daga nan sai shari'a, sai gaba, wani lokaci har jini.

Don maganin irin wanga rikici gwamnati ta yi dokar karkara a 1993. Ita ta kawo kwamitocin kula da filaye, har cikin ƙauyuka. Saye, kyauta, aro, jingina da gado, kowane da takardarshi, da sa hannun maigari da na shaidu.

Wasu na cewa: neman takarda wajen ɗan uwa rashin yarda ne. Ni ban yarda da haka ba. Ku biyu kun amince da juna, amma takardar ta jikokinku ce, waɗanda ba su nan ranar da kunka yi magana. Ku tambayi malamai: ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, kan rubuta bashi take.

Sai dai a yi hattara. Takardar da ba ka karanta ba tana iya zama tarko. Kada ka dangwala yatsa kan abin da ba ka sani ba. In da Faransanci anka rubuta, nemi wanda ka amince da shi ya fassara maka gaban shaidu.

Ku da kunka gama yaƙi da jahilci, nan aikinku yake. Kowa ya aje littafi ɗaya a gida. Rubuta bashin taki da na iri, da ranar biya. Rubuta sunan shaidu da iyakar gona, gabas da yamma, kudu da arewa. Karanta wa maƙwabcinka takardarshi kafin ya sa hannu.

Gaisuwa a yi ta da baki. Gayya a kira ta da ganga. Labarin ruwa a ji shi a radiyo. Amma maganar gona da bashi, a sa ta a takarda tun kafin damana ta faɗi.

Allah ya ba mu damana mai albarka.