Marayun Gombe Ba 'Yan Kallon Mota Ba Ne

Tun da maganar nan ta fara zagaya majalisun garin nan, cewa ya kamata samarinmu masu motocin tsere su keɓe rana guda su fito da dukiyarsu fili, a sayar da tikiti, a yi kallo, a tara abin da ya samu a miƙa wa marayu, ban ji abin da ya dame ni ba kamar hukuncin da wani dattijo da nake ganin girmansa ya yanke, wanda kuma na ga jama'a sun karɓa hannu bibbiyu, wai duk hanyar da kuɗi ya bi ya isa hannun maraya, to, hanyar alheri ce. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma wannan ƙa'ida ba mu same ta a zauren da muka yi karatu ba, kuma da za a bi ta har ƙarshenta, da mai caca da mai ba da rance da ruwa duk sun zama waliyyai ranar da suka tuna da gidan marayu.

A fara da lissafi, tun da an ce don kuɗi za a yi. Daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura dubu a 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar bai wuce naira 70,000 ba. Motocin da ake magana a kansu kuwa, kowa ya san ba su san ƙoshi ba. A ɗora kuɗin rumfuna da kujeru, da masu kiɗa, da riguna masu tambari, da masu ɗaukar hoto, da ɗan goron 'yan jarida, da abincin manyan baƙi waɗanda ba su taɓa kwana da yunwa ba, sa'an nan a dubi abin da zai rage. Abin da zai rage shi ne buhunan shinkafa kaɗan da katan-katan na taliya, a jera yara a gabansu, a ce su yi murmushi, a watsa fuskokinsu a Facebook da Instagram ba tare da an nemi yardar kowa ba, domin maraya ba shi da uban da zai ce a'a.

Amma ba wannan ne babban abin da ke cina ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin zakka a Risala ya san cewa kuɗin da ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, idan shekara ta kewayo a kansa, akwai ɗaya cikin arba'in da ya zama haƙƙin matalauta, wanda ba alfarma ba ce mai dukiya yake yi idan ya fitar, bashi ne yake sauke wa kansa. Ya kuma san cewa abin hawa da gidan zama da kayan amfanin yau da kullum, matuƙar ba don ciniki aka ajiye su ba, babu zakka a kansu. To, a lura da hikimar zamani. Mutum ya ɗauki miliyoyin da, da sun kwana a banki, da talaka yana da rabo a ciki kowace shekara, ya mayar da su ƙarfe mai ƙafa huɗu da kujera biyu, wanda ba ya ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti, ba ya ɗaukar buhun masara daga Kumo. Rabon talaka ya faɗi, shari'a kuma ba ta kama shi da laifi ba. Sa'an nan wannan ƙarfen da ya cinye rabon nasa, shi za a kawo wa talaka ya biya kuɗin shiga ya kalla, a kira abin da ya biya sadaka, a rubuta ladan da sunan mai motar. Wannan shi ne a yanke wa kare wutsiya a ba shi ya ci, a ce an yi masa walima.

Na san abin da za a ce, domin an saba faɗa mini: hassada ce. Wanda ya rasa hujja ba ya rasa wannan kalma, kuma ba ni da lokacinta. Wasu masu ɗan karatu za su ce ai Alƙur'ani bai hana bayyana sadaka ba, sai su tsaya nan, su manta cewa a wuri ɗaya aka fifita ɓoye ta, aka kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓata ta da gori da riya. Ban kuwa san yadda za a auna ihlasin da ke zuwa da ƙarar salansa har a Bolari a ji ba. Wasu kuma su kawo misalin wasan folo na Fifth Chukker da ake yi a Kangimi ta Kaduna tare da Access Bank da UNICEF. Can dai an killace fili, dawaki ne, kuma akwai hukumar duniya da ke bin sawun kuɗin. Wa zai bi sawun namu? Masu sha'awar koyi da Turawa kuwa, su tambayi abin da ya faru a tseren Gumball 3000 na 2007 a Masedoniya, inda motar ɗaya daga cikin 'yan wasan ta yi karo da ta wasu tsofaffi biyu, mata da miji, waɗanda ba su sayi tikitin kowa ba, suka rasa rayukansu.

Mu a Gombe ba ma bukatar zuwa Turai neman wannan darasi. Mun ga abin da mota ke yi idan ta kutsa cikin taro, a daren Ista na 2019, lokacin da aka yi asarar yara a cikin garin nan. Kuma kowane mai gida da ke bakin titi ya san halin da ake shiga ranar ɗaurin aure ko kai amarya, sa'ad da yara marasa gemu ke tuƙin ganganci, suna juya mota tana ƙugi tana hayaƙi, abokansu rataye a tagogi, 'yan acaba da masu Keke suna neman wurin ɓuya. Shekara da shekaru iyaye da limamai suna kuka da wannan ɗabi'a, sai ga shi yanzu ana neman a yi mata rawani, a ba ta rana, a gayyaci hakimai su zauna a layin gaba, don yaron da ke kallo ya gane cewa gudun wuce sa'a ma ibada ce idan aka ambaci maraya.

Gaskiyar magana, wannan ba sabuwar cuta ba ce, tsohuwar cutar nan ce ta ƙaddamar da gidauniya ta sake riga, wadda na daɗe ina faɗa da ita har wasu suka daina amsa sallamata. Mun san tsarin: malami ya buɗe da addu'a, sanƙira ya karɓi lasifika, babban baƙo ya miƙe ya ambaci miliyoyi, a yi kabbara, a watse, sa'an nan 'yan kwamiti su shafe watanni suna zarya a ƙofar gidansa ana ce musu ya yi tafiya. Ba a ƙauye kaɗai ba. A watan Yuli na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya tara attajiran ƙasar nan a Abuja don asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa, aka ɗora Janar T. Y. Danjuma a kansa, aka yi alkawuran da suka haura naira biliyan 50, daga baya shi kansa Janar ya fito yana kokawa cewa da yawa ba su cika ba. A cikin waɗannan shekaru ne bama-bamai suka tashi a tashar Gombe Line da tashar Dukku da ta Daɗin Kowa da babbar kasuwa, kuma da yawa daga cikin marayun da ake son a nuna wa motoci yau, a ranakun nan suka zama marayu. Malaman da ke buɗe irin waɗannan tarurruka da addu'a, ban taɓa jin ɗayansu ya dawo kan mumbari ya karanta sunayen waɗanda suka saɓa alkawari ba.

Idan da gaske samarin nan tausayi ne ya motsa su, hanyar Kaltungo a buɗe take. Can akwai asibitin masu fama da saran maciji, inda manoma daga Gombe da Taraba da Adamawa da Bauchi ke kwanciya da dafin kububuwa, musamman lokacin shuka da girbi, kuma sau da yawa an sha jin labarin yankewar maganin. Kuɗin tayoyi huɗu da za a ƙone a yini guda zai sayi kwalabe masu yawa. Akwai kuma Gidauniyar Zakka da Waƙafi a cikin garin nan ga mai son abin da zai ɗore. Sai dai a Kaltungo babu masu tafi, kuma ina shakkar ko cikin motocin nan da ke jan ƙasa akwai wadda za ta wuce Billiri ba ta bar salansarta a hanya ba.