Zafin Rana Ba Hujja Ba Ce

Ba a cika yin taro kan makamashi a Sahel ba sai wani ya miƙe ya ce tunda Allah Ya hore mana rana, iskar haidurojin ce makomarmu. A tafa, a watse. Ni ban gamsu ba, kuma Gassi, unguwar nan ta gabashin N'Djamena a gaɓar Kogin Chari, ita ce shaidata.

Ga asalin zancen. A 1972 Fujishima da Honda na Japan suka nuna cewa sinadarin titaniyam dayoksaid, idan haske ya sauka a kansa, yana taimakawa a raba ruwa gida biyu: haidurojin da oksijin. Ni ina kiran irinsa "ɗan zugan haske", domin kamar ɗan zuga a rigima, shi ke hura wutar amma ba ya ƙonewa. (Ɗalibi ya lura, tushen kalmar ɗaya ne da zugazugin maƙeri.) Aibinsa shi ne kashi 5 cikin 100 kacal na hasken rana yake iya sha, wato ɓangaren da ido ba ya gani. Shekara hamsin ke nan masana suna yi masa gauraye, suna yayyafa masa ƙwayoyin wasu ƙarafa, don ya karɓi sauran hasken.

Ina aka kwana? A 2021 tawagar Kazunari Domen ta ba da rahoton faifai masu faɗin murabba'in mita 100 da ta shimfiɗa a Japan, mafi girman gwaji a lokacin. Ƙarfin rana da suka mayar haidurojin bai wuce kashi 0.76 ba. A 2023 Jami'ar Michigan ta kai kashi 9, amma a kan ɗan guntu, da hasken da aka tattara. Farantin sola na kasuwa kuwa yana ba da kusan kashi 20, yau, ba gobe ba.

Shi ya sa na fi ganin girman abin da aka tsara wa Gassi. A Disamba 2024 Bankin Raya Afirka ya amince da Yuro miliyan 28 don gina tashoshin sola biyu, ɗaya a Gassi ɗaya a Lamadji, kowace megawat 15. A Chadi, inda kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki, mai walda da mai sayar da ƙanƙara a watan Afrilu wannan suke jira.

Ban ce a daina bincike ba. Amma mai tallar haidurojin ya fara amsa mana: kowane kilo yana cin lita 9 na tsarkakken ruwa, wa zai tace na Chari? Ƙurar hunturu idan ta lulluɓe faifan fa? Kuma haidurojin da oksijin a haɗe suke fitowa, haɗin da ke iya fashewa, wa zai raba su? Masananmu su ɗauki waɗannan tambayoyi zuwa ɗakin gwaji. Kuɗin gwamnati kuma ya tafi ga turaku da wayoyin da za su kai wutar Gassi gidajen mutane.