Naman Sallah: A Koma Ga Banda

Kowace shekara, da zarar an sauko daga Idi, an kalli hawa a Ƙofar Soro, an ci tuwon Sallah, sai hankalin magidanta a Ƙofar Kaura da sauran unguwannin Katsina ya koma kan abu guda, watau yadda za a yi da naman da ya rage. Addini ya yarda mai layya ya ci, ya yi sadaka, ya kuma ajiye. To, amma ajiyar ita ce inda gidaje da yawa ke yin asara.

Mutane da dama sun dogara ga firiji, alhali kowa ya san wutar lantarki ba ta da tabbas. Rana ma ba abin dogaro ba ce a kowane lokaci, domin Babbar Sallah ta 2024 da ta 2025 duka cikin watan Yuni suka faɗo, lokacin da damina ke sauka, naman da aka shanya kuwa ya kan yi wari kafin ya bushe. Suya tana da kyau, sai dai tana cin mai. Saboda haka ya kamata jama'a su sake riƙe banda, wadda kakanni suka daɗe suna yi.

Naman ƙirjin sa, wanda masu watanda kan raina saboda tauri da yawan kitse, shi ne ya fi nuna amfanin wannan hanya. Wuta mai ƙarfi ƙona bayansa take yi, ta bar cikinsa ɗanye. Garwashi mai sanyi da hayaƙi kaɗan-kaɗan su ne ke narkar da jijiyarsa. A jihar Tekzas ta Amurka wannan yanki shi ne abin alfaharin masu gashi, suna kyafa shi ɗungurungum fiye da awa goma. Amma su don ci nan take suke yi. Mai son ajiya dole ya rage kitsen ya narka shi daban, domin kitse ne ke fara ɓaci, ya yanka naman falle-falle, ya sa gishiri, ya ɗora a kan raga nesa da harshen wuta, yana juyawa har ruwan cikinsa ya ƙare. Bayan haka a riƙa ɗumama shi lokaci-lokaci, a ajiye inda iska ke shiga, ba cikin leda ba.

Akwai masu cewa hayaƙi na da illa, kuma maganarsu abar dubawa ce. A shekarar 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo wannan cuta. Wannan gargaɗi ne kan yawan ci. Tsokar banda biyu cikin miyar kuka ba daidai take da cin kwano guda kowace rana ba. Abin da ya fi muni shi ne hura wutar da roba, ko leda, ko katako mai fenti. Wannan guba ce ƙiri-ƙiri, wajibi ne ma'aikatan duba-gari da masu unguwa su tsawata a kai.

Sai kuma batun itace, a ƙasar da hamada ke matsowa. Babu dalilin da zai sa gidaje biyar na layi ɗaya su hura wuta biyar. Maƙwabta su haɗa murhu guda, su yi amfani da busassun rassa, a sa babba ya tsare wutar saboda yara da gobara.

Dabba ta yi tsada, mai ƙaramin ƙarfi wata da watanni yake tara kuɗinta. Barin namanta ya ruɓe ɓarna ce, alhali ga maƙwabci bai samu ko tsoka ɗaya ba. A fara raba wa mabukata, abin da ya saura a kyafa shi da haƙuri. Allah ya maimaita.